Takalma Arba'in da Uku a Ƙofar Ƙauna

Ba zan faɗi sunan benenmu ba, don har gobe a cikinsa nake kwana, kuma da sauran wata takwas a takardar hayata. Abin da zan iya faɗa shi ne yana unguwar Bukit Jalil a ƙasar 'yan Malay, tafiyar minti goma a ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasan cikin gari da ake kira LRT, hawa ashirin da shida, ƙofa ɗari uku da 'yan kai. Akwai 'yan Malay a ciki, akwai Sinawa da Indiyawa, sai mu baƙi da muka cike gurbi, yawancinmu ɗaliban da iyayensu suka turo karatu. Ni sunana Raudatu, 'yar Zariya ce. Mijina ne ke aiki a wani kamfanin kwamfuta, na biyo shi rakiya, rakiyar ta shiga shekara ta shida. Wadda zan ba ku labarinta kuwa Mama Dinah ce, ƙofarta na kallon tawa a hawa na 13A. Hawa na sha huɗu ne, masu ginin ne ba sa ƙaunar lamba huɗu, suka yi mata kwaskwarima.

Ranar da muka tare, ko akwatuna ban gama kwancewa ba na ji ana buga ƙofa, bugun wanda ya san akwai mutum a ciki. Na leƙa ta 'yar hudar ƙofa na ga wata gajeriyar mata baƙa, da ɗankwali ɗaurin gaba, riƙe da kwano. Na yi shiru, don an gargaɗe ni kada in buɗe wa kowa a garin nan. Sai na ji ta ce, "Na ji kina yi wa mijinki faɗa da Hausa tun daga lif. Ki buɗe, kunun zai huce." Haka muka fara, kuma har yau ba ta daina yi mini gorin faɗan nan ba.

A Kagoro aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan. Ta yi aikin ungozoma shekara goma sha tara a Kaduna, kuma duk tsawon lokacin a gidan haya ɗaya ta zauna a Kakuri, ɗaki sha huɗu, famfo ɗaya. Takan ce duk wanda ya iya raba faɗan layin famfo da asuba, babu kwamitin da zai ba shi tsoro a duniya. Mijinta Haggai ya samu aikin koyarwa a nan, suka taho, suka lallaɓa suka sayi gidan da take ciki. Ya rasu shekara bakwai da suka wuce. Kowa ya ɗauka za ta tattara ta koma, ta ce ina, ɗanta Barnaba na aiki a nan, kabarin mijinta na nan, ita ma tana nan. Ita kaɗai ce 'yar Najeriya mai gidan kanta a benen, don haka ita kaɗai ce a cikinmu ke da ƙuri'a a taron masu gida.

Yadda ta shiga kwamitin masu gida ba wani abin alfahari ba ne. Kujerar karɓar ƙorafi ce kowa ya guda, ita ta ɗaga hannu. Ku kuwa ku san yadda ake ƙorafi a benenmu. Mutum zai shekara biyu yana jin tarinka ta bango bai san sunanka ba, amma ranar da ka ajiye ledar shara a ƙofa don ka koma ɗauko makulli, hotonta zai riga ka isa lif. Akwai guruf na WhatsApp, a nan ake yin komai. A saka hoto, a rubuta lambar ƙofa, sai a yi ta jifa daga bayan labule. Wannan hali yana ƙona mini rai har yau. Mama Dinah kuwa ba ta taɓa rubuta ko harafi a guruf ɗin ba. Tana ganin hoto za ta gyara ɗankwali, ta sa silifas, ta je ta buga ƙofa.

Aikinta ke nan, buga ƙofa. Da wani Ba'indiye na hawa na ashirin ya yi wata uku na'urar sanyaya ɗakinsa na ɗiga a kan shanyar mutanen ƙasansa, an aika masa takarda har huɗu bai kula ba. Ita ta je ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta ce ya rako ta ƙasa minti biyu. Ta nuna masa zannuwan gadon wata tsohuwa da ba ta iya tashi, waɗanda 'yarta ke wankewa kullum ruwansa na jiƙawa. Kafin la'asar ya kira mai gyara. Da aka yi rigimar wanda ya shiga lif da durian, 'ya'yan itacen nan mai warin tsiya, ita ta kashe wutar. Ta san wa ke jinya, ta san wa ya yi haihuwa, ta san wanda 'ya'yansa suka tafi Ostareliya suka bar shi da kyanwa. Takan ce, "Zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma ta yaya za ka saɓa da wanda ba ka taɓa gaisawa da shi ba?"

Kada ku ɗauka tana ɗaure wa namu gindi. A kan yaranmu ta fi zafi. Wani ɗalibi da ya mai da ɗakinsa gidan rawa, da kanta ta cire wayar sifikarsa ta saka a jaka, sai da ya yi mako yana sintiri yana "Mama, abeg" kafin ta mayar masa. Dokar hana ajiye takalma a baranda kuwa, don hanyar gudu ce in gobara ta tashi, ita ta fi kowa tsayawa a kanta. Ni kaina ta taɓa kwashe mini takalman yara ta zuba mini a tsakar falo. Ku riƙe wannan, don zai dawo.

A hawa na tara akwai wani tsoho Basine, Mista Teoh, malamin lissafi ne da ya yi ritaya. Dogo, siriri, ba ya dariya, kuma komai sai ya ƙirga. Shi ne zai rubuta a guruf cewa lif ya tsaya sau goma sha ɗaya a wata. Matarsa ta rasu shekara biyu kafin abin da zan faɗa. Mama Dinah ta je masa gaisuwa ita kaɗai, ta dawo ta ce mini awa guda ta yi a zaune, mutumin bai ce mata ci kanki ba, ko ruwa bai ba ta ba. Na ce maganinki ke nan, uwar shisshigi. Ta ce ita dai ta sauke nauyi.

Ƙofar da ke kallon ta Mista Teoh ta wata yarinya ce, Ƙauna, 'yar Zonkwa, tana shekarar ƙarshe a karatun haɗa magunguna. Yarinya ce mai sanyi, in ba a coci ko aji ba, ba ka ganinta. Wata Talata da hantsi aka bugo mata waya daga gida cewa mahaifiyarta ta faɗi a gona, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Saura kwana tara ta fara jarrabawa. Yayyenta suka ce kada ta zo, ranar Juma'a za a yi jana'iza, ta zauna ta yi abin da uwar ta tura ta yi. Mama Dinah ta same ta a zaune a ƙasan kicin, wayar na hannunta, ko kuka ta kasa.

Mama Dinah ta yi abin da kowace uwa za ta yi a gida. Ta buga waya coci, ta buga wa matan zumunta, ta ce an yi rashi a hawa na tara. Kafin azahar mutane sun fara zuwa. Daga unguwar Titiwangsa aka zo, daga garin Cyberjaya mai nisa aka zo, wasu ko sunan yarinyar ba su sani ba, sun dai ji 'yar gida ta rasa uwa a baƙon wuri. Mu ma Musulmi muka shiga, ni da hijabina, da Ɗan'azumi shugaban ɗaliban benen, ɗan Kano, ya shigo da katan ɗin ruwa a kafaɗa. Kwana uku ana zaman makoki, daga hantsi zuwa gab da magariba. Aka dafa tuwo da dafa-duka. Kiristocin kuma suka yi ta waƙoƙin coci da Hausa, da tafi, yadda suke raka babba. A rana ta uku har dariya aka yi, da Ƙauna ta buɗe baki ta ba da labarin yadda uwarta ta taɓa bin wani ɓarawon akuya da muciya har kasuwa. Ranar ce ta fara cin abinci. Kowa ya zo kuma a ƙofa yake tuɓe takalmi, don ba a shiga gidan mutane da takalmi, a nan ɗin ma haka al'adar take. Takalma suka cika baranda har bakin ƙofar Mista Teoh.

Ranar Juma'a da yamma hoto ya faɗo guruf. Takalma ne reras, nawa ma na ciki, wani ja mai igiya. A ƙasa Mista Teoh ya rubuta da Turanci: "Hawa na tara. Kwana uku ana casu. Takalma ƙafa arba'in da uku." Ya haɗa da ɗan sautin tafi da ya naɗa ta bayan ƙofa. Ɗan'azumi ya yi maza ya rubuta cewa ba casu ba ne, mutuwa aka yi. Wani ya amsa masa, "Mutuwa da tafi da dariya? Kada ka raina mana hankali." Daga nan aka ɓalle. Duk wanda wani baƙar fata ya taɓa taka wa ƙafa a lif ya tuno. Wasu ƙorafe-ƙorafen gaskiya ne, ba zan ɓoye ba, muna da yara marasa jin magana, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Amma yawanci ƙiyayya ce da ta daɗe tana neman ƙofa.

Kafin mako ya zagayo, wasu masu gida sun shigar da ƙuduri a taron shekara da za a yi bayan sati uku: a hana ba ɗaliban Afirka haya a benen, wanda hayarsa ta ƙare kada a sabunta. In kashi uku cikin huɗu na masu ƙuri'a suka yarda, ya zama doka. Ɗalibai hamsin da biyu abin zai shafa, kuma ko ɗaya ba shi da bakin magana a taron, don ɗan haya ko zauren ba ya shiga. Ta farko a layi Ƙauna ce. Hayarta na ƙarewa ƙarshen wata, mai gidanta ya turo mata saƙo cewa sai ya ga yadda ƙuri'a ta kaya. Saura mata zango ɗaya ta gama. Ta buga wa dillalai uku, kowanne da ya ji daga inda ta fito sai ya ce an riga an kama ɗakin. Yarinyar da ko sati biyu ba ta yi da rasa uwa ba, ga jarrabawa, ga neman inda za ta sa haƙarƙarinta.

Shugaban kwamiti, Encik Hazlan, ya kira Mama Dinah ofis. Encik ɗin nan kamar Malam ne a wurinsu. Ba mugu ba ne, mutum ne mai son a rabu lafiya ko da an danne wani. Na raka ta. Ya tura mata wata takarda da ya riga ya buga, ya ce ya shawo kan masu ƙudurin, in ta sa hannu za su janye. Takardar na cewa al'ummar Najeriya na neman afuwa kan hayaniyar da suka yi a hawa na tara, kuma daga yau babu ɗakin da zai tara baƙi fiye da shida.

"Anti Dinah, ba da ke ake ba," in ji shi. "Ke daban ce, kowa ya sani. Sa hannu kawai, kin yarda? A wuce wurin."

Ta sa tabarau ta karanta har ƙasa, ta mayar masa. "Encik Hazlan, ni ba daban ba ce. Ni na kira mutanen nan, da wayata. Takalman da suka tare hanya laifi ne, ni na fi kowa sanin dokar, a rubuta sunana a kai. Amma ba zan sa hannu a takardar da ta kira makoki hayaniya ba. Kuma in mutuwa ta zo, wa zai tsaya a ƙofa ya ce wa na bakwai ya koma?"

Muna fitowa na hau ta da faɗa, don ni tsoro ya kama ni. Na ce, "Haba Mama, durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne. Ki sa musu hannu, yarinyar nan ta samu wurin kwana. Takarda ce fa kawai."

Muka shiga falonta. Ta zauna ta ce, "Raudatu, ranar da Haggai ya mutu, daga asibiti ni kaɗai na hau lif ɗin nan. Barnaba na can wurin takardu. Ina ta tunanin yadda zan buɗe ƙofa in tarar da kujerarsa. Lif na buɗewa, kafin in ga fuskar kowa, takalma na fara gani, tun daga nan har can. Wallahi takalman nan su suka hana ni faɗuwa. Yau ki ce in rubuta da hannuna cewa abin kunya ne? In na sa hannu, yaron da uwarsa za ta mutu baɗi shi kaɗai zai zauna da bango."

Na ce, "To, lokacin naki me ya sa ba a yi rigima ba?"

"Lokacin ai Baba Josiah na nan, dattijon cocinmu. Tun kafin mutane su taru ya bi ƙofa-ƙofa a hawan nan, ya sanar da maƙwabta an yi rashi. Har wata 'yar Malay ta kawo..." Sai ta tsaya. Ta zare tabarau a hankali. "Raudatu, wa ya sanar da Teoh?"

Muka dubi juna. Babu wanda ya sanar da shi. A gida ba sai an yi dogon bayani ba, kuka ɗaya za a ji unguwa ta ɗauka, maƙwabci kuma shi ake fara gaya wa tun kafin dangi na nesa. Mu muka kira mutanen Cyberjaya, muka tsallake mutumin da ke taku uku da ƙofar. Matar da ta shekara biyar tana buga ƙofofin mutane a kan ɗigar ruwa da kyanwa, ranar da ya fi kamata ta buga, ta manta. Na ga abin ya dake ta fiye da duk zagin da aka yi a guruf.

Washegari da safe ta ja ni hawa na tara. Ta buga. Mista Teoh ya buɗe iya tsawon sarƙar ƙofa, ido ɗaya a waje.

"Mista Teoh, ina kwana. Ban zo ba ka haƙuri a kan waƙa ba, ban zo a kan taro ba. In wata uwar ta mutu gobe, za mu sake taruwa, gara ka ji daga bakina. Laifi ɗaya na zo amsawa. An yi mutuwa a ƙofarka ban gaya maka ba. A wurinmu wannan cin fuska ne, kamar an ce kai ba maƙwabci ba ne. To, na zo in gaya maka yanzu, ko da ya makara. Yarinyar da ke kallon ƙofarka, sunanta Ƙauna. Mahaifiyarta ta rasu ranar Talata ta makon jiya, an binne ta ranar Juma'a, ita tana nan ba ta gani ba."

Can ya ce, "To, me ya kawo tafi?"

"Ta haifi shida, ta raine su da fartanya, ta tura ɗaya har nan. Irin wannan ba a raka ta da shiru."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar Ƙauna, ya mayar da tasa ya rufe. Na ce a raina mun yi asarar hawa lif. Ita kuwa ko a jikinta. Sauran kwanakin ta yi su ne tana bin masu gida ɗaya bayan ɗaya, ba roƙo take ba, labarin take gaya musu yadda yake. Wasu suka saurara, wasu suka ce ta bayan ƙofa ba sa nan.

Ranar taro Asabar ce, ƙarfe goma na safe, a zauren da ke gefen wurin ninƙaya. Ɗalibai suka zo suka zauna a waje a kan dakali, shiru, don Mama Dinah ta ce duk wanda ya ɗaga murya ita da shi ne. Ni ma 'yar haya ce, a bakin taga na maƙale. Aka karanta ƙudurin, mutum huɗu suka tashi suka goyi baya, ɗaya har yana cewa darajar gidaje na faɗuwa saboda mu. Encik Hazlan ya sake tura mata takardar nan a gaban kowa, ko za ta canza ra'ayi. Ta miƙe, da ƙyar kanta ya wuce teburin.

"Ba zan sa hannu ba," ta ce. "Shekara biyar ina zuwa ƙofofinku. Wanda ruwa ya ɗigar masa na je, wanda aka tare wa wurin mota na je, wanda ya yi rashi na je, ko ya kira ni ko bai kira ba. Ban taɓa tambayar ku daga ina kakanninku suka zo ba. Yaron da ya dame ku, ku ba ni lambar ƙofarsa, kun san abin da nake yi musu. Amma in za ku kori yara hamsin da biyu don sun zauna da marainiya, ku rubuta hakan a ƙudurin, da sunansa, kowa ya san abin da yake ɗaga wa hannu."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Sai ga Mista Teoh ya miƙe daga layin baya, da 'yar takarda a hannu. Na ce a raina shi ke nan, ya zo da sabon lissafi.

"Ni na ɗauki hoton," in ji shi. "Shekara talatin da ɗaya ina koyar da lissafi, ba na kuskuren ƙirga. Arba'in da uku ne. Abin da ban sani ba shi ne me nake ƙirgawa." Ya ninke takardar. "Da matata ta mutu, na dawo gida na bar ƙofata a buɗe kwana bakwai. Shekara goma sha shida muna benen nan ni da ita. Na ƙirga takalman da aka tuɓe a ƙofata. Ƙafa ɗaya ne." Ya nuna Mama Dinah da haɓa, bai dube ta ba. "Ban ba ta ko ruwa ba, don in na buɗe baki kuka zan yi. Ni ba na goyon bayan ƙudurin nan. Ku cire hotona daga ciki."

Ba zan yi muku ƙarya in ce zauren ya narke ba. Aka kaɗa ƙuri'a, fiye da rabi suka goyi bayan a kore mu, sai dai ba su kai kashi uku cikin huɗu ba, ƙudurin ya faɗi. Da aka zo zaɓen sabon kwamiti kuma suka rama, suka kayar da Mama Dinah, suka ba wani mai shirun tsiya kujerarta. Na ji zafin abin har hawaye suka zo mini, don yanzu na san fuskokin da suka ɗaga hannu, kuma da su nake shiga lif kullum. Ita kuwa ta fito tana gyara ɗankwali ta ce, "Kujera suka karɓa. Ƙafafuna da hannun buga ƙofa suna nan." Kafin mu bar wurin mai gidan Ƙauna ya turo mata saƙo cewa ta zo ranar Litinin a sabunta.

Da la'asar muna ɗakin Ƙauna mu uku, tana haɗa littattafan jarrabawarta ta ƙarshe, aka buga ƙofa, bugu biyu a hankali. Ƙauna ta buɗe. Mista Teoh ne, ya sa farar riga mai dogon hannu, riƙe da ledar lemo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi Mama Dinah ya ce, "Me ake cewa?"

"Ba sai ka ce komai ba. Ka shigo ka zauna."

Ya sunkuya ya tuɓe silifas ɗinsa, wasu ruwan ƙasa da duddugensu ya cinye, ya jera su a baranda daidai inda doka ta hana. Ya shigo ya zauna a bakin kujera, hannuwa a kan gwiwa. Ƙauna ta dube shi, ta dubi lemon, sai kukan da muka ɗauka ya ƙare ya dawo mata sabo. Bai motsa ba, bai kalli agogo ba, har aka yi kiran magariba a masallacin da ke tsallaken titi.

Na tashi zan je in yi salla, Mama Dinah ta rako ni bakin ƙofa. Ta tsaya tana kallon silifas ɗin tsohon. Na ce mata cikin tsokana, "Mama, a kwashe a zuba masa a falo ne?"

Ta harare ni, ta sa ƙafa ta gyara wa ɗayan zama ya daidaita da ɗan'uwansa.

"Arba'in da huɗu," ta ce.